Rarar fam 40 a wata za ta iya da bashin katina kuwa?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata uku a wani gari na arewacin Ingila, ina aikin kula da tsofaffi, maigidana kuma yana aiki a wani sito. 'Ya'yanmu biyu. Da muka zo na karɓi katin bashi saboda kuɗin kama gida da 'yan kayan amfani, daga baya jinyar mahaifina, Allah ya jiƙansa, ta ƙara tura shi sama. Yanzu ana bi na fam 3,000 a kansa, ruwansa kashi 26.9 cikin 100 a shekara. Maigidana ya san da wannan. Abin da bai sani ba shi ne na buɗe wani katin lokacin bikin ƙanwata, na yi mata gado da kujeru, don ba zan iya jin an kai ta ɗaki fayau ba alhali tana da yaya a Turai. Shi kuma fam 800 ne, ruwansa kashi 34.9.

Duk wata banki na cire mafi ƙarancin abin da suka ce a biya, wajen fam 90 a babban, fam 28 a ƙaramin, amma bashin yana nan kamar an dasa shi. Ba zan ɓoye miki ba, idan wata ya yi nisa nakan yi cefane da katin, wani lokaci ma da shi nake tura wa Ummana fam 150 ɗin da na saba. Kwanaki bankin babban katin ya aiko min wasiƙa cewa a cikin wata 18 ruwan da na biya ya fi abin da na rage daga bashin. Na tsorata, na tura ta ƙarƙashin katifa.

Na zauna na lissafa, idan na matse zan iya fitar da rarar fam 40 a wata. Maigidana ya ce fam 40 a kan fam 3,000 zuba ruwa ne a rairayi, in bari sai na kwashi adashe. Mu goma ne, zubin fam 100, ni ce ta takwas, saura wata biyar. Ga kuma ciwon kuɗin ruwan nan da ke hana ni barci, na san haramun ne. Anti, fam 40 za su yi wani abu, ko in haƙura in jira?

Daga wata ƙanwarki a Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ke kuma ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kika yi. Bari in fara ba ki amsar kafin bayani, don na san wanda bashi ya hana barci ba ya son doguwar shimfiɗa: fam 40 ɗin nan ki fara zuba su daga albashin wannan watan, kada ki jira adashe. Za su yi aiki fiye da yadda ke da maigidanki kuke zato, kuma zan nuna miki da alƙaluman da ke cikin wasiƙarki.

Ɗauko takardar bayanin babban katin ta watan jiya, ko ki buɗe manhajar bankin a wayarki, ki nemi layin da aka rubuta kuɗin ruwa. Za ki ga wani abu kusa da fam 60, domin kashi 26.9 a shekara yana kamawa kusan kashi 2 ne a wata. To ki cire 60 daga 90 ɗin da ake cirar miki. Fam 30 kacal ke taɓa uwar kuɗin, sauran duk ladan banki ne. Ba kuskure aka yi ba, haka tsarin yake. A Birtaniya, katunan da aka buɗe daga watan Afrilun 2011 ƙa'idarsu ita ce mafi ƙarancin biya ya rufe ruwan watan da duk wani caji, sannan a ɗora aƙalla kashi 1 cikin 100 na bashin. Kashi ɗayan nan shi ne fam 30 ɗinki. Idan kuma kika yi cefanen fam 35 da katin a ƙarshen wata, kin mayar da abin da kika rage har da ƙari. Shi ya sa kike ganin bashin kamar an dasa shi. Ba asiri aka yi miki ba, kuma ba rashin albarka ba ne.

Yanzu dubi fam 40 ɗin da aka raina. Ruwan watan an riga an biya shi daga cikin 90, saboda haka duk fam ɗaya da kika ɗora a kai, kai tsaye yake faɗawa kan uwar kuɗi. Wadda take rage fam 30 a wata ta koma rage fam 70. Kin ga kenan ba da fam 3,000 ya kamata a auna su ba, da fam 30 ya kamata a auna su, kuma sun ninka shi har da ɗoriya.

Akwai wani tarko da ya fi wannan, kuma yawancin mutane ba sa lura da shi domin kama yake da sauƙi. Mafi ƙarancin biya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bashi na raguwa, shi ma yana raguwa. Bana fam 90, baɗi wajen fam 80, bayan shekara biyar bai kai fam 50 ba, kina jin daɗi an sassauta miki, ashe igiyar ake ƙara wa tsawo. Idan kika daina taɓa katin kwata-kwata, kika bi mafi ƙarancin nan sau da ƙafa, bayan shekara biyar ana bin ki fiye da fam 1,600 har yanzu. Kafin ki gama kuwa sai kin shafe daga shekara 15 zuwa sama da 25, gwargwadon ƙa'idar katin, kuma ruwan da za ki biya zai kai wajen fam 5,000 ko fiye. Yaran da kike kaiwa makaranta yanzu sai sun yi aure ana cirar kuɗin kujerun da tuni suka karye.

Maganin wannan tarkon bai buƙatar ko sisi. Ki shiga manhajar, ko ki kira su, ki sauya umarnin cirar kuɗin daga mafi ƙaranci zuwa tsayayyen adadi. Ki ce fam 90 duk wata, ko bashin ya ragu kada a rage. Wannan kaɗai, ba tare da kin ƙara komai ba, zai kashe fam 3,000 a cikin wata 56, wato shekara huɗu da wata takwas, ruwan kuma ya sauko zuwa wajen fam 2,000. Idan da a kan wannan katin za ki ɗora fam 40 ɗin, ya zama 130, sai ya mutu a wata 32, ruwan ya tsaya kaɗan sama da fam 1,000. Da yayyafi kogi kan cika, amma fa sai in ba a fasa masa hanya ta baya ba, kuma zan dawo kan wannan.

Sai dai ba a kan babban nake so ki fara ɗora su ba. Masu ba da shawara kan bashi sun daɗe suna ja-in-ja: wasu su ce a fara da wanda ruwansa ya fi tsada domin shi ya fi cin kuɗi, wasu su ce a fara da ƙarami domin mutum ya ga ya kayar da ɗaya ya samu ƙarfin gwiwa. Ke Allah ya hutar da ke daga wannan gardama, domin ƙaramin katinki shi ne kuma mai tsadar ruwa. Fam 800 a kan kashi 34.9 yana haifar da kusan fam 20 duk wata, ma'ana a cikin fam 28 da ake cira, fam 8 ne kawai ke rage bashi. Ki tsayar da shi a kan fam 68. Fam 8 sun koma 48, ninki shida. A wata 14 zuwa 15 ya ƙare ko da babu adashe. Ranar da ya ƙare kuma kada ki ɗauki 68 ɗin nan a matsayin ƙarin albashi, ki kwashe su gaba ɗaya ki ɗora kan 90 na babban, su zama 158. Da haka katunan biyu za su mutu cikin ƙasa da shekara uku, ruwan da za ki biya duka-duka wajen fam 1,500. Duk wannan lissafin na yi shi ne bisa cewa ruwan bai sauya ba kuma ba ki sake sayen komai da su ba.

Abu biyu ƙanana kan yadda ake zubawa. Ruwan katin kullum ake lissafa shi a kan abin da ya rage, don haka biyan da aka yi ranar albashi ya fi wanda aka jinkirta zuwa ranar ƙarshe. Kuma ba dole sai fam 40 sun taru ba. Kin fito daga aikin dare, kina tsaye a tashar bas cikin sanyin asuba, kin tuna yau da tuwon gida kika tafi a kula ba ki sayi komai a shago ba, to ciro wayar nan take ki tura fam 5 ɗin da kika tsirar. Bai kai minti ɗaya ba. Kakata tana da asusun ƙasa a bayan randa, kwabon da ya shiga ba ya fita sai an fasa. Katin nan ki mayar da shi asusunki, bambancin kawai shi ne wannan yana biyan ki ladan kusan kashi 35 a shekara ta hanyar ruwan da kika kauce wa, abin da babu bankin da zai ba ki a kan ajiya. Ki dai lura da abu ɗaya: wasu bankunan idan kika yi ƙarin biya a tsakiyar wata sai su rage abin da za su cira da kansu, ƙarin naki ya tashi a banza. Ki tambaye su, ki kuma duba a watan farko ki tabbatar an cire cikakken adadin.

Mu dawo kan maigidanki, don ban so ki karanta wannan ki je kina kaɗa masa takarda a fuska. Maganarsa ba duka ce ta kauce ba. Dunƙulallen kuɗi yana da amfani ƙwarai, kuma idan gaskiya za a faɗa, bambancin zuba fam 40 duk wata da tara su wata biyar a zuba lokaci guda bai wuce fam 10 zuwa 15 ba. Inda lissafinsa ya samu tangarɗa shi ne zaton cewa za su taru. Fam 40 da ke zaune a asusun mai 'ya'ya biyu ba sa kwana biyar: takalmin makaranta ya yage, an yi haihuwa a gidan 'yan'uwa, an turo hoton anko. Sannan ko adashen ya zo, fam 1,000 ne a gaban fam 3,800. Sauran 2,800 ɗin wa zai biya? Biyan wata-wata ne dai zai biya su, gara a fara saba wa kai tun yanzu. Kuma a yi masa adalci, shi lissafin kati ɗaya yake yi, domin kati ɗaya aka nuna masa.

A nan ne zan ɗan matsa miki, ki yi haƙuri. Abin da kika yi wa ƙanwarki ba abin kunya ba ne. Duk 'yar Bahaushe ta san abin da ake nufi a ce dangin miji sun zo ganin ɗaki, kuma bayan rasuwar uba nauyin kan koma kan wanda ake ganin yana da hali. Kuɗin guminki ne, kina da damar taimakon danginki da su. A dokar ƙasar da kike ma, bashin kati na wanda sunansa ke kai ne, ba a bin miji bashin katin matarsa. Amma tukunyarku ɗaya. Fam 28 da ke fita duk wata daga cikin abin da gidan zai ci suke fita, kuma ɓoyon yana da wa'adi ko kin so ko ba ki so ba. Nan da wata biyar za ki kwashi adashe, shi yana jiran ya ga babban katin ya sauko zuwa fam 2,000. Ko dai ki zuba su inda yake tsammani ki bar mai tsadar ruwa yana ci, ko ki kashe ƙaramin ki rasa amsar da za ki ba shi. Idan kuma wata rana kuka nemi sabon gidan haya ko bashin sayen gida tare, aka buɗe tarihin bashinku, wato bayanan da ake ajiyewa kan bashin da mutum ya ci da yadda yake biya, ka iya zama a gaban baƙo zai fara jin labarin. Wannan ya fi komai ciwo ga namiji.

Ki faɗa masa cikin wannan watan, da bakinki. Ki zaɓi daren da ba wanda zai fita aiki, yara sun yi barci, ya ci ya ƙoshi. Ki zo da takardun katunan biyu da lissafin nan a rubuce, domin wanda aka kawo wa matsala tare da mafitarta ba kamar wanda aka jibga wa matsala tsirara ba ne. Ba sai kin yi dogon kare kai ba. Ki ce, "Abban yara, akwai abin da na yi ban shawarce ka ba, ya daɗe yana damuna. Lokacin bikin ƙanwata na karɓi wani katin, fam 800 ne. Na yi kuskuren ɓoye maka, ka yafe min. Ga yadda nake so mu fita daga ciki." Zai iya yin fushi, zai iya yin shiru na kwana biyu. Ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne, kuma mai yiwuwa ba kuɗin ne za su fi ƙona masa rai ba, ganin an ɗauke shi wanda ba za a iya faɗa wa ba ne. Kada ki ɗauko lissafin abin da shi ma yake tura wa nasa dangin a wannan daren, ko da kina da hujja, wannan zancen wata rana ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: idan kin san fushinsa kan wuce baki, to kada ki yi zaman ke kaɗai, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa a tsakani. Ban ga alamar haka a wasiƙarki ba, na ga mutum ne da kuke zama ku yi lissafi tare.

Idan kun daidaita, ga yadda zan raba adashen da ni ce. Bayan wata biyar kina zuba 68, ƙaramin katin zai sauko wajen fam 550. Ki kashe shi ɗungurungum, ki kira su ki ce a rufe. Ki ware fam 250 a wani asusu daban da ba ki yawo da katinsa, saboda ranar da injin wanki zai tsaya ko a bugo waya daga gida da dare. Na san za ki ce ajiya ga mai bashi wauta ce, kuma a lissafin ruwa zalla haka ne, amma wanda ba shi da ko sisi a gefe, duk ƙaramar larura katin take mayar da shi. Sauran fam 200 ki jefa wa babban, shawarar maigida ita ma ta samu shiga. Wata biyu bayan kwasarki zagayen zai ƙare. Kada ki shiga sabo. Ki faɗa wa uwar adashe da wuri cewa za ki huta zagaye ɗaya ko biyu, fam 100 ɗin da kika saba zubawa su bi sahun 158, su zama 258. Adashe abu ne mai kyau, ya rufa wa mata da yawa asiri a gida da waje, amma zuba kuɗi inda ba sa haihuwa alhali ana caje ki kashi 27 a wani gefen, ɗinki ne a gaba yana warwarewa a baya. Idan kika bi wannan tsarin, lissafina ya nuna a wajen shekara ɗaya da rabi kin fita gaba ɗaya. Idan ma akwai wadda ke gabanki a layin kwasa da ba ta matsu ba, ba laifi ki roƙa ku yi musaya.

Sai hanyar bayan da na ce zan dawo kanta. Duk abin da na lissafa zai rushe idan katin ya ci gaba da fita kasuwa. Ki cire katunan biyu daga jaka, ki goge su daga wayarki da duk shafin sayayya da ya adana lambarsu. Wanda ya fi damuna shi ne tura wa Umma kuɗi da katin bashi. Bankuna da yawa suna ɗaukar irin wannan turawa tamkar cirar tsabar kuɗi ne, su caji wani kaso nan take, sau da yawa wajen kashi 3, ruwa kuma ya fara hawa daga ranar, wani lokaci a farashin da ya fi na sayayya. Duba takardunki na watannin da kika yi hakan, ina kyautata zaton za ki ga cajin. Kuɗin Umma daga albashi za su riƙa fita, ranar da ya shigo, kafin komai ya taɓa shi.

Ban ce ki yanke wa Umma ba, kuma ba zan ce ba. Uwa ce, ga takaba ta wuce ta bar ta da gida, ga tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023. Abincinta da maganinta suna gaba da gaggawar biyan banki. Amma faɗuwar nairar nan ta jawo wani abu: mutanen gida suna buga fam da farashin canji su ga miliyoyi, ba sa ganin kuɗin haya da na wuta da na gas da harajin ƙaramar hukuma da ke cinye albashin kafin ya kwana. Ki kira Umma ku yi magana ta 'ya da uwa. Ki ce mata akwai bashin da kika ɗauka lokacin jinyar Baba, kina so ki sauke cikin shekara biyu, nata ba zai tsaya ba, amma buƙatun gefe na biki da suna da 'yan'uwa za ki ɗaga musu ƙafa. Iyaye mata sun fi mu tsoron bashi, za ki sha mamakin yadda za ta zama ita ce mai tare miki masu roƙo. Idan kina da 'yan'uwa maza masu abin yi, lokaci ya yi da za a raba nauyin, ko da kaɗan-kaɗan ne. Ƙanwar taki kuwa ki bar ta ta ji daɗin kujerunta, ba ta san da bashi aka saya ba, kuma faɗa mata yanzu ba zai rage ko fam ɗaya ba.

Wasiƙar da ke ƙarƙashin katifa ba sammaci ba ce. Tun 2018 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ta wajabta wa masu ba da kati su rubuta wa duk wanda a cikin wata 18 ya biya ruwa da caji fiye da abin da ya rage daga uwar kuɗi, su ja hankalinsa ya ƙara biya. Za su sake tuntuɓa a wata na 27. Idan aka kai wata 36 ba a sauya ba, dole su gabatar da hanyar biya cikin lokaci mai ma'ana, yawanci shekara uku zuwa huɗu, suna iya dakatar da katin, wanda kuma ba shi da halin ƙarawa ana sa ran su sassauta masa, har da rage ruwa ko yafe shi. Wato abin da wasiƙar ke roƙon ki shi ne abin da kike shirin yi. A Ingila ba a ɗaure mutum saboda bashin kati. Abin da za ki kiyaye shi ne kada ki tsallake wata ba ki biya ba, domin akwai tara, yawanci fam 12, kuma tabon kan zauna a tarihin bashinki shekara shida. Kada kuma zumuɗin kashe kati ya sa ki taɓa kuɗin haya, harajin ƙaramar hukuma ko na wuta da gas. Waɗannan su ne masu haƙori, su ake fara biya.

Akwai wata hanyar da ta cancanci ki gwada bayan ƙaramin ya mutu. Wasu bankunan suna ba da katin da ake mayar da tsohon bashi kansa, ba ruwa na tsawon wasu watanni, a caji wajen kashi 3 sau ɗaya. A kan fam 3,000 kusan fam 90 kenan, ruwan wata ɗaya da rabi a katinki na yanzu. Idan kika samu, duk abin da kika zuba uwar kuɗi yake ci. Sai dai ba kowa ake ba ba, musamman wanda bai daɗe a ƙasar ba, don haka ki fara da shafukan da ke duba cancanta ba tare da barin alama a tarihinki ba, kada ki yi ta cike takardun nema barkatai. Kuma yana da sharuɗɗa masu kaifi: kika makara biya sau ɗaya za su iya janye rangwamen, kika yi sayayya da shi ruwa ya hau, kika bar tsohon katin a buɗe kuma kina iya wayar gari da bashi biyu. Idan kuma akwai ɗan'uwa ko aminiya mai hali da za ta ranta miki ba ruwa, wannan ya fi duka, amma a rubuta, da adadi da ranar biya da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Zumunci da yawa ya mutu a kan "ai mu 'yan'uwa ne, ba sai an rubuta ba".

Idan kuma al'amura suka juya, aka rage miki awannin aiki ko ɗayanku ya kwanta, har mafi ƙarancin ma ya gagara, kada ki ci sabon bashi ki biya tsoho, kuma kada ki biya kowa kuɗi don ya ba ki shawara. Masu ba da shawara kan bashi irin su StepChange da National Debtline da Citizens Advice duk kyauta suke yi, cikin sirri. Ta hannun irinsu ake shiga shirin numfasawa da aka fara a Ingila da Wales a watan Mayun 2021, wanda ke tsayar da ruwa da matsin masu bin bashi na kwana 60 kafin a tsara mafita. Ba ki kai nan ba, na faɗa ne don ki san ƙofar tana nan.

Game da abin da ke hana ki barci, ni ba malama ba ce, hukunci da yadda ake tuba ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa. Abin da zan iya cewa shi ne damuwar nan alamar zuciya mai rai ce, amma kada ki bari ta zama abin da zai sa ki kasa buɗe takarda. Kwanciya da baƙin ciki ba ya rage ruwan ko kwabo, tsayar da biya da ƙara fam 40 kuwa yana rage shi daga wajen fam 5,000 zuwa wajen 1,500. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa yakan nemi tsari daga rinjayen bashi. Ki riƙe wannan addu'ar safe da yamma.

Yau da dare, kafin ki kwanta, ki ɗaga katifar ki ciro wasiƙar. Lambar wayarsu tana jiki. Gobe a lokacin hutunki ki kira, ki ce a tsayar da cirar wata-wata a kan fam 90, sannan ki tambaye su ko akwai sassaucin ruwa da za su iya yi miki tunda su suka fara rubutowa. Ki kira na ƙaramin ki ce 68. Zancen maigida kuma kada ya wuce Juma'a biyu. Allah ya yaye miki, ya sanya albarka a guminki, ki gaishe min da yaran.